Miji da mata za su nemi bizar yawon buɗe ido: ga amsoshin, a karanta kafin a sake tambaya

Tambayoyin nan iri ɗaya suke zuwa kullum, daga ɗan kasuwar Kwari har ma'aikacin gwamnati da ke sakatariyar Audu Bako. Ga su a wuri ɗaya. Maganar ta fi karkata ga Birtaniya da ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don nan ne ma'aurata suka fi tuntuɓe.

Tunda mu ma'aurata ne, fom ɗaya za mu cike?

A'a. Kowa da fasfonsa, kowa da fom ɗinsa, kowa da kuɗinsa. Ko jariri za a goya, sai an cike masa nasa. Babu wani abu wai shi bizar iyali a nan, kuma aure ba ya jawo rangwame.

Nawa ne kuɗin?

Shengen yuro 90 ne ga babban mutum tun watan Yunin 2024, ku biyu 180 ke nan, ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardu. Bizar ziyara ta Birtaniya ta wata 6 fam 127 ce a 2025. Ta Amurka dala 185 ce a 2025. Duk ciki babu wanda ake mayarwa idan an hana ku. Na Amurka ma ku duba shafin ofishin jakadancinsu kafin ku biya ko sisi, domin dokarsu a kan 'yan Najeriya ta yi ta sauyawa: a watan Yulin 2025 aka mayar da bizar ziyara ta koma shiga ɗaya tak, ta wata 3.

A Kano za mu gama komai?

Fom dai a intanet ake cikewa, ko daga falonku. Amma ɗaukar hoto da zanen yatsu yawanci sai Abuja ko Legas, kuma kowa sai ya je da ƙafarsa. Maigida ba ya wakiltar Hajiya. Ku nemi rana ɗaya, lokutan da ke bin juna, don takardunku su tafi tare.

Sunan matata ba irin nawa ba ne a fasfo. Sai ta canza?

Kada ta taɓa shi. Mace ta ci gaba da amsa sunan mahaifinta, jami'in biza ya ga irin wannan sau dubu. Takardar aure ce ke haɗa ku, ba sunan ƙarshe ba. Abin da ya kamata ya hana ku barci shi ne rubutun sunan: Aishatu a fasfo, A'isha a takardar aure, Aisha a banki, Muhammad nan, Mohammed can. Haka ranar haihuwa. Ku shimfiɗa fasfo da takardar NIN da takardar aure da ta banki a kan tabarma ku bi su harafi bayan harafi. Inda aka saɓa, a gyara tun a gida, ko a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu da ke cewa mutum ɗaya ne. A kan fom kuwa, abin da ke cikin fasfo shi za a kwafa, ko da ba haka ake kiranta a gida ba.

Amarya ce, hannunta da lalle. Akwai matsala?

Akwai. Na'urar tana karanta layukan da ke kan tafin yatsu goma, lallen da ya kama sosai a kan yatsun yana iya rufe su, a ce ku koma ku dawo. Kuɗin mota ko na jirgi zuwa Abuja ya tashi a banza ke nan. Zanen bayan hannu ba ya hana komai. A bar kan yatsu fari sai an dawo, ko a ɗaga ranar har ya kode. Yankan wuƙa a yatsa ma haka.

Za a sa ta cire hijabi?

A'a. Fuska ce ake so a buɗe, daga haɓa zuwa goshi. Niƙabi ne sai an ɗaga lokacin hoto, kuma tana iya neman mace ta ɗauke ta.

A masallaci aka ɗaura mana aure shekaru da yawa, ba mu da takarda. Kuma ina da mata biyu, da amarya zan tafi. Yaya za mu yi?

To, Alhaji, nan ne sai an zauna, domin amsar ta danganta da ƙasar da za ku da kuma abin da ka taɓa rubutawa a baya.

Da farko ka kwantar da hankalinka: auren Musulunci aure ne a dokar Najeriya, ba ya buƙatar wani ya sake halatta shi. Abin da ba ka da shi hujja ce a rubuce. Ana samun ta daga masallacin da aka ɗaura auren idan suna ba da takarda, ko daga kotun shari'a, inda za a rubuta sunan ango da amarya, waliyyi, shaidu, sadaki da ranar ɗaurin aure. Wasu suna ƙarawa da takardar rantsuwa daga babbar kotu. Takardar da aka bayar yau tana cewa an yi auren tun shekarar kaza, babu laifi a cikinta, haka gaskiyar take. Wadda ke kashe mutum ita ce wadda aka bayar jiya aka buga mata kwanan watan shekara goma baya don ta yi kama da tsohuwa. Wannan jabu ce, komai ingancin auren. Idan kuna da 'ya'ya, takardun haihuwarsu na Hukumar Ƙidaya masu ɗauke da sunanka da nata suna ƙarfafa maganar fiye da hotunan biki. Birtaniya ma ta faɗa a fili cewa hotuna ba hujja ba ne a bizar ziyara.

Idan takardar da Larabci ko Hausa aka rubuta ta, sai an fassara. Birtaniya tana son fassarar ta ɗauki sunan mai fassara, sa hannunsa, kwanan wata, yadda za a same shi, da shaidarsa cewa fassarar daidai ce. Wasu ƙasashen Shengen kuma suna iya neman a kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a tantance ta. Ba dukansu ba. Kowace ƙasa da jerin takardunta, shi za ka bi, ba na maƙwabcinka da ya je wata ƙasar ba.

Yanzu ga ramin da mutane ke faɗawa. Za a ce maka ka je ka yi auren rajista kawai, takardarsa ta fi karɓuwa. Tsaya tukuna. Auren rajista a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya na mace ɗaya ne. Mai mata biyu ya je ya yi shi da amarya alhali uwargida na ɗakinta, ya aikata laifin da ke da hukuncin ɗauri. Ko mai mace ɗaya ne, auren rajista yana sauya hanyar saki, babbar kotu ce kaɗai ke raba shi, kuma yana iya shafar rabon gado. Ba abin da za a shiga saboda hutun sati biyu ba ne. Wanda ya nace, ya ga lauya da malaminsa tukuna.

Sai batun fom. Yawancinsu gurbin mata ɗaya gare su. Abin da ya fi tsafta shi ne ka rubuta wadda za ka tafi da ita, sannan a gurbin ƙarin bayani ko a wasiƙar da za ka haɗa ka ce kana da wata matar, aurenku na Musulunci ne, tana gida da yara. Layi uku sun isa. Wannan ya zama dole idan ka taɓa neman biza ka rubuta sunan uwargida, domin tsohon fom ɗinka yana nan a kwamfutarsu. Jami'i ya ga Hajiya Binta a wancan karon, yau ya ga Hajiya Zainab, babu saki babu rasuwa babu bayani, ƙarya zai kira shi. Shin faɗin mata biyu zai sa a hana ka? Ƙa'idojin ƙasashen Turai da Amurka a kan auren mace fiye da ɗaya sun fi shafar masu neman zama na dindindin. Mai ziyara ana duba shi ne a kan ko zai dawo da kuma ko yana da kuɗin tafiyar. Ba wanda zai yi maka alkawarin yadda kowane jami'i zai kalli lamarin, amma hanin da aka yi saboda shakka ana sake nema bayansa, wanda aka yi saboda yaudara kuwa a Birtaniya yana kai shekara 10. Ka auna. Iyalin da ka bari a gida ma suna cikin hujjar cewa za ka komo.

Idan da duka biyun za ka tafi, kowace da fom ɗinta da takardar aurenta, kuma asusunka ya nuna zai ɗauki mutum uku.

Matata ba ta aiki, asusunta babu komai. Za a hana ta?

Zaman gida ba laifi ba ne. Ta rubuta cewa matar gida ce, mijinta ne zai ɗauki nauyin tafiyar. Kai kuma ka rubuta gajeriyar wasiƙa ka sa hannu, a saka kwafin bayanin asusunka na banki a cikin takardunta ita ma, domin fayil ɗinta daban ake buɗewa. Kada a ƙaga mata aiki a kamfanin ƙaninka. Ana buga waya a tambaya. Idan kuma tana sana'arta ta atamfa ko turaren wuta kuɗi na shiga asusunta, ta nuna, ko kaɗan ne.

Abokina zai zuba min miliyan ashirin na sati biyu don asusun ya yi nauyi.

Wannan ba tambaya ba ce, hanyar hana kai biza ce. Jami'in ba lambar ƙarshe yake kallo ba, yana bin shige da fice na watannin baya ya gwada da abin da ka ce kana samu. Albashin dubu ɗari huɗu, kwatsam ga miliyan ashirin ana jibi za a miƙa takardu, daga ina? Idan kuɗin naka ne na gaske, fili ka sayar ko kwasar adashi ka yi, ka haɗa takardar cinikin ko bayanin da ke nuna asalinsu. 'Yan kasuwa ku ne wannan ya fi kamawa: ciniki na miliyoyi amma duk a aljihu da POS ɗin yaron shago. Watanni kafin tafiya a fara bi da kuɗin ta asusu, a haɗa da rajistar kasuwanci ta CAC da takardar biyan haraji. Kuma lissafin tafiyar ya yi daidai da ƙarfinka. Wanda zai ƙarar da duk abin da ya tara a hutun kwana goma, ba a yarda hutu zai je ba.

Ejan ya ce mu ba shi fasfo kawai, zai cike komai.

Ya cike, amma ku zauna ku karanta fom biyun layi-layi kafin a tura. Sunanku ne a kai, ba nasa ba. Ranar aure, ranar tafiya da dawowa, masauki, wanda zai biya, yawan 'ya'ya, adireshin gida, dole su zo iri ɗaya a naka da nata. Kai ka ce kwana 10, ita an rubuta mata wata ɗaya. Kai ka ce kana da ƙani a Manchesta, ita an ce ba ta san kowa ba. Irin wannan ke kayar da mutum biyu lokaci guda. Tambayar ko an taɓa hana ku biza kuwa, ta kowace ƙasa ce ake nufi, a amsa da gaskiya. Wanda ya ce yana da ɗan ciki a ofishin jakadanci, riƙe kuɗinka.

Mu sayi tikiti da otal tukuna?

Na Birtaniya a'a, ba sa ma ɗaukar su hujja. Shengen suna son ganin an kama kujerar jirgi zuwa da dawowa da masauki, amma a kama wanda ake iya sokewa, sunayenku biyu a jiki. Inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 wajibi ce ga kowannenku. Ku nema a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, ba wadda aka ce ta fi sauƙi ba.

An ba ni, ita an hana ta. Ta yaya?

Ta yadda aka faɗa tun farko: fayil biyu ne. Ku karanta wasiƙar hanin, dalilin yana ciki. Yawanci ko ba a saka hujjar kuɗi a nata ba, ko ba a gamsu da alaƙarku ba. Shengen ana iya ɗaukaka ƙara, wasiƙar za ta faɗi inda za a kai da wa'adin. Bizar ziyara ta Birtaniya ba ta da wannan ƙofar, sabon nema ake yi da sabon kuɗi. Kada ku mayar da takardun jiya ba tare da kun gyara abin da aka ambata ba.

Yaushe za mu fara?

Ku fara da fasfo. Na Shengen ya zama saura aƙalla wata 3 a kansa bayan ranar fitowarku daga can, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Suna karɓar nema tun ana saura wata 6, hukunci kan fito cikin kwana 15, yana iya kai 45. Birtaniya tun ana saura wata 3, amsa kusan sati 3. Lokacin hutun makaranta da ƙarshen shekara samun ranar zanen yatsu kan yi wuya, ku kama ranarku da wuri.