Batirin Famfon Ko-ta-kwana na Ramin Ruwa

Batirin famfon ko-ta-kwana shi ne batir mai bolt 12 da ke tayar da famfo na biyu a ramin da ake haƙawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwan da ke tsattsafowa daga tushen gini. Babban famfo da wutar gida yake aiki. Idan guguwa ta tsinke wuta, ko babban ya lalace, sai na batir ya karɓi aikin kafin ruwa ya malale ɗakin. An fi samun wannan tsari a gidajen Amurka da Kanada, inda ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya zama ruwan dare. Kayansa su ne batir da akwatinsa, caja mai ƙararrawa, ƙaramin famfo, makunni mai ƙwallo da ke iyo a kan ruwa, da bawul mai hana ruwa komowa rami.

Tarihi

Galibin waɗannan batura na dalma da asid ne, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Shi ne batir na farko da ake iya sake yi wa caji. Na Planté faifan dalma biyu ne da aka naɗe aka tsoma a asid, kuma yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya fara riƙe wuta sosai. Wajen 1881 Camille Faure ya zo da dabarar shafa kwaɓin dalma a jikin faranti, abin da ya sa aka iya ƙera batir da yawa a masana'anta. Wannan fasali ne har yau: a batir mai bolt 12, gida shida a jere, wato ɓangarori shida masu faranti da asid, kowanne na ba da kusan bolt 2.1.

A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Sonnenschein na Jamus ya fito da batir wanda aka daskarar da asid ɗinsa ya zama kamar kamu. Nau'in AGM, wanda asid ke jiƙe cikin tabarmar zaren gilashi, ya biyo baya, ana danganta farkonsa da shekarun 1970 a Amurka.

Nau'in da ya dace

Batirin mota bai dace ba. Farantansa sirara ne, an yi su don ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan, kuma idan aka zuƙe shi ƙarƙaf sau da yawa sai ya mutu. Wanda ake so shi ne mai kaurin faranti da ke jure doguwar zuƙa, dangin wanda ake sa wa inbata da sola a Najeriya da Nijar. Girman da aka saba gani yana tsakanin ampiya-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) 75 zuwa 120. Mai ruwa, wato wanda asid ɗinsa ke ruwa-ruwa, ya fi araha amma yana son kulawa. AGM a rufe yake, ba a ƙara masa komai. Dole cajar ta dace da nau'in, domin cajar mai ruwa tana iya busar da AGM.

Aunawa

Wannan batir yakan yi wata da watanni ba a taɓa shi ba, saboda haka mutuwarsa ba ta da alama. Koren fitilar caja tana nuna cewa caja na aiki ne kawai. Mita ma tana yaudara idan aka auna batir yana jone, don abin da za ta nuna, bolt 13.2 zuwa 13.8, ƙarfin cajar ne.

Sai a cire caja, a bar batir ya huta na sa'o'i, sannan a ɗora mita. Cikakke yana nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan 12.4 ne, kusan kashi uku cikin huɗu ya rage; 12.2 rabi ke nan. Ƙasa da 12.0 kuwa ya zuƙe. Wanda ya kwana a caji amma ya tsaya wajen 10.5, farantan gida ɗaya ne suka haɗe da juna a ciki, kuma ba shi da gyara.

Ko 12.6 ɗin ba ta isa shaida ba. Tsohon batir yakan nuna cikakken lamba, da famfo ya tashi sai ya zube. Gwaji na gaskiya shi ne a zare filogin babban famfo da na caja, a yi ta zuba ruwa da bokiti har ƙwallon ya ɗago, ana kallon mita. Lafiyayye zai ɗan sauka ya tsaya, sautin famfon bai canza ba. Mai rauni lambarsa za ta riƙa gangarowa ƙasa da 11, famfon yana gurnani, ruwan yana fita da ƙyar. Ana so a yi haka duk wata uku, da kuma gab da lokacin ruwa. Mayar da filogin babban famfo bayan gwaji abu ne da ake yawan mantawa, kuma ya sha jawo ambaliya.

A mai ruwa, ana zuƙo ruwan kowane gida da ma'aunin kauri. Cikakke wajen 1.265 yake. Bambancin 0.050 tsakanin gida da gida alamar lalacewa ce.

Kulawa

A mai ruwa, dole ruwa ya rufe faranti a kullum. Farantin da ya sha iska yakan yi farin gishiri mai tauri wanda caji ba ya narkarwa. Tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, bayan an cika caji, sai dai in faranti sun fito fili, to a rufe su tukuna. A nan akwai ruɗani a Hausa, domin “ruwan batir” asid ake nufi da shi a bakin mutane da yawa. Ba a ƙara asid. Ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Ruwan famfo ko na rijiya kuma yana ɗauke da ma'adinai masu ɓata faranti.

Farin gari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. Ana cire baƙar waya da farko, sannan ja, a wanke da cokali ɗaya na bekin soda cikin kofin ruwa, a goge da buroshin ƙarfe, kada ruwan wankin ya shiga ciki. Wajen mayarwa ja ce farko. A ɗaure tam, a shafa ɗan basilin. Safar hannu da tabarau wajibi ne, kuma ba a kusantar da wuta ko taba, saboda iskar haidurojin da ke fita lokacin caji tana fashewa in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri. Akwatin yana bukatar kafar shan iska, kuma a ɗora shi sama da inda ruwa zai iya kaiwa.

Zafi yana cin batir: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage kusan rabin kwanansa. Yawanci yakan yi shekara 3 zuwa 5.

Matsalolin da ba na batir ba

Ƙararrawa na iya kuka saboda sakin waya ko ƙonewar fis. Batir mai yawan shan ruwa, mai zafi ko warin ruɓaɓɓen ƙwai, cajarsa ce ke wuce kima. Idan bawul ya lalace, ruwan da ke cikin bututu yana komowa rami, famfo ya yi ta maimaita aiki ɗaya har batir ya ƙare. Ƙwallon ma yakan maƙale a jikin bango.

Batirin litiyam ya shigo kasuwa, ya fi sauƙin ɗauka da daɗewa. Ana saɓani kan ko tsadarsa ta biya, kuma tsofaffin cajoji da yawa ba sa karɓarsa.