Bayanin kayan aikin AI ba ado ba ne

Masu haɗa bidiyon talla da na biki a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, na iya ɗauka cewa muddin ƙaramar manhajar da ke sarrafa After Effects (manhajar haɗa bidiyo) tana aiki, ɗan rubutun da ke bayyana ta ado ne. Tarbar wakilin AI, wato AI da ke aiwatar da aiki da kansa ta amfani da irin waɗannan ƙananan manhajoji a matsayin kayan aiki, da wannan tunanin kuskure ne babba. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Suna, bayani da jerin abubuwan da zai cike kaɗai ke gabansa.

Mu ɗauki lokaci. Umarnin After Effects da daƙiƙa yake lissafi, Blender (manhajar zanen 3D) kuwa da firem, wato ɗaiɗaikun hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. Idan bayanin ya ce "lokaci" ya yi shiru, wakilin na iya tura 50 yana nufin firem 50, wato daƙiƙa 2 a bidiyo mai firem 25 kowace daƙiƙa. Sai tambarin kanti ya fito bayan daƙiƙa 50, talla ta riga ta ƙare. Haka launi: daga 0 zuwa 1 ake rubuta shi a umarnin, ba zuwa 255 ba. Lambar shimfiɗa (layer) kuma daga 1 take farawa, ba daga 0 ba.

Karanta bayani a ji ya yi daɗi ba gwaji ba ne. A shirya ayyuka kamar 20 irin na kwastoma, da Hausa da Faransanci, a ba wakilin. A duba kayan da wakilin ya zaɓa da lambobin da ya tura, sannan a fitar da bidiyon a kalla da ido. In an gyara jimla ɗaya, a maimaita dukkan ayyukan, domin gyara ɗaya kan sa wakilin ya riƙa rikita kayan aiki biyu masu kama da juna.