Rasit, webil da hoton direba: daga yau kar a sake tambayata

Ina saida atamfa, leshi da turaren wuta daga nan Bauchi, kuma yawancin cinikina a waya ake yinsa, mutuniyar Gombe ko Azare ko Kaduna ta ga hoto ta turo kuɗi ni kuma in ɗaure kaya in kai tasha. Tun da ƙannenmu suka shigo harkar nan da wuya a yi sati wata ba ta kira ni muryarta na rawa ba, Anti kaya sun ɓata, Anti kwastoma ta ce ban tura ba, Anti ya zan yi. Wallahi bakina ya gaji. Ga tambayoyin nan da amsoshinsu na haɗa waje ɗaya. Da mata nake magana don su suka fi damuna, amma maza masu shadda da takalma ku ma ku kasa kunne.

Wai dole ne sai na karɓi wata shaida in na tura kaya?

Eh.

To ai kwastomata ce ta shekara da shekaru, ba za ta min haka ba

Wa ya ce miki ita nake tsoro? Hanya nake tsoro. Tsakanin hannunki da hannunta akwai ɗan kamasho, akwai direba, akwai yaron mota, akwai ɗan achaɓan da ta aika ya karɓo mata, wani sa'in har da ƙanin mijinta da ya karɓa ya jefa a but ya manta. Ranar da turmi huɗu suka yi ƙafa wannan zumuncin naku ba zai kai la'asar ba, sabo da kaza ai ba ya hana yanka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, maganar rubuta bashi take yi, ke kuma kina jin kunyar ɗaukar hoton kwali.

Ita shaidar mece ce takamaimai?

Duk abin da zai nuna cewa kayan sun bar hannunki, ran nawa ga wata, hannun wa suka shiga, kuma wa aka nufa da su. In kamfanin aika saƙo ne irin su GIG Logistics ko DHL, takardar webil ɗin da za su ba ki mai lamba a jiki ita ce. In gidan waya ne, rasit. In tasha ce, wannan zancen daban ne, yana ƙasa, ki yi haƙuri ki karanta.

Na tura wa direba kuɗin kai saƙo ta Opay, ina da sikirinshot, bai isa ba?

Bai isa ba. Wannan ya nuna kin ba wani mutum kuɗi ne kawai, bai ce kin ba shi kaya ba. Sau da yawa ma akawun ɗin ba nashi ba ne, na mai POS ɗin bakin tasha ne. Amma ki ajiye, ya fi babu, kuma in za ki tura ki rubuta a wajen bayani cewa kuɗin saƙon wance ne zuwa gari kaza.

Rasit ɗina ya goge, fari fat ya koma

Haka yake yi. Takardar nan mai santsi irin ta POS ba tawada ba ce a jikinta, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa rana da zafin jaka da man shafawa ke cinye shi, balle a zafin Bauchi na watan Afrilu. Ki ɗauke shi hoto kina tsaye a gaban kanta kafin ki sa a jaka, ki zuƙo hoton ki tabbata lambar tana karantuwa. Wanda ya riga ya goge kuma ki koma ofishin da ranar da sunan mai karɓa da lambar wayarta, in kamfani ne mai kwamfuta za su iya zaƙulo miki. Kar ki tayar da hankalinki.

Gidan waya wai har yanzu yana aiki?

Yana yi, NIPOST na nan. Sai dai ki buɗe baki ki ce mai rajista kike so ko EMS, wato saƙon gaggawa, don in kan sarki kawai aka manna aka jefa a buhu ba ki da abin bin sawu. Lambar bin diddigin da ake ba wa irin wannan saƙon, musamman mai fita waje, guda 13 ce: haruffa 2 a farko, alƙaluma 9 a tsakiya, sai NG a ƙarshe wato daga Najeriya ya tashi. Na rajista da R yake farawa, na EMS da E. Masu tura wa 'yan uwa a Saudiyya ko Ingila ku ƙirga su tun a wajen, harafi ɗaya ya kuskure kin yi ta bugawa a intanet yana ce miki babu. Kuma humra da turaren fesawa ki tambaya kafin ki ɗaure, ba kowane ruwa ake yarda ya hau jirgi ba.

Direban tasha na ba wa, ba ya ba da rasit, yanzu ta ce kaya ba su iso ba. Wa zai biya?

Yawwa. Wannan ita ce tambayar, sauran duk share fage ne, kuma duk wadda ta ba ki amsa kalma ɗaya a kanta ba ta taɓa yin asara ba.

Da farko dai gaskiya ce, direban Sharon ko homa ba shi da wani littafin rasit, hannu da hannu ne da lambar waya, kuma haka yawancinmu muke turawa don ya fi sauƙi ya fi sauri, kayan Gombe ki bayar da hantsi kafin azahar sun wuce Alkaleri sun shiga gari. Tun da ba wanda zai ba ki shaida, ke za ki haɗa abarki kafin mota ta tashi. Ni tun daga gida nake farawa: in shimfiɗa kayan in yi bidiyo ina ƙirgawa da baki, turmi ɗaya, biyu, uku, in zuba a kwali ko bakko in naɗe da salatif in rubuta sunanta da garin da lambarta da alƙalamin maka, duk a bidiyo ɗaya ba yankewa. A tasha kuma hoton kwalin a cikin but, hoton lambar mota, sunan direba, lambarsa kuma ba karanto min zai yi in rubuta ba, a gabansa nake kira in ji wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Sannan in tura mata duka a WhatsApp nan take in ce ta amsa ta gani. In akwai ofishin yuniyan, wato 'yan NURTW, kuma suna da littafin da suke rubuta saƙo, a rubuta, ko da za ki ƙara ɗan wani abu. Motocin da ke da ofis tsayayye irin Yankari Express ko Gombe Line kuwa ko ba komai kin san ƙofar da za ki buga gobe.

Abin da ya koya min kiran nan a gaban mutum: akwai ranar da na kai leshi wata tasha, ba zan faɗi wacce ba, wani mai hula a karkace ya tare ni da saurinsa, Hajiya kawo kawo yanzu za mu tashi. Na ɗauki hoton motar tsaf na koma gida ina jin na gama aiki. Ashe ɗan kamasho ne, motar ba ta cika ba ya cire kwalin ya cusa a wata da ta riga ta tashi. Kwana uku kwastoma na min kallon ɓarauniya, ni ina riƙe da hoton motar da ba ta taɓa ɗaukar kayana ba. A ƙarshe a ofishin yuniyan na can garin aka same shi an ɗora masa buhun albasa. Leshin sai da ya sha turare kafin ya shiga hannun mai shi. Tun daga ranar sai na tambaya, malam kai ne direban ko kai ne mai lodi?

To wa zai biya. Ya danganta, kuma kar ki ji haushin kalmar. Shaidar turawa daban, shaidar isa daban, nan ne yawancinku kuke ruɗewa. Hotunanki sun wanke ki daga zargin cewa kin ci kuɗi ba ki tura ba, ba su ce kaya sun shiga hannunta ba. In ita ta zaɓi direban, ta ce ba wa wane ɗan unguwarmu ne, kuma kina da wannan saƙon nata a rubuce, a ganina nauyi ya bar kanki tun da kika miƙa masa, sai dai ki taya ta nema don mutunci. In ke kika zaɓi mota, kuma kika ce mata kar ta damu kaya sai sun iso hannunta, to ke kika ɗauki alkawari, kar ki zo kina nuna mata hoton but, ki biya ta ko ki sake tura wasu sannan ke ki bi direba. In kuma ba a yi maganar komai ba, wanda shi ne ya fi yawa, nan ne ake zama. Wani sa'in a raba asarar biyu, wani sa'in shugaban tasha ya matsa wa direba ya biya rabi a hankali a hankali, wani sa'in ki duba ki ga wannan matar tana miki ciniki duk sallah, ki haɗiye ki biya don kar ki yi asarar da ta fi wannan. Ba kullum mai gaskiya ke tashi da kuɗinta ba, ni dai ban ga haka ba.

Kuma kafin a kai ga wa zai biya, ki nemi kayan tukuna. Yawancin abin da ake cewa ya ɓata bai ɓata ba, ko direba ya iso da dare ya kira ba ta ɗaga ba don baƙuwar lamba ce, ko ya bar wa mai shayin bakin tasha, ko ya wuce da shi Potiskum zai dawo da shi jibi. Ki je tashar da ƙafarki da safe lokacin lodi, ki nemi shugaban layin, ki gaishe shi da ladabi, ranka ya daɗe ga abin da ya faru, ki nuna lambar mota. Su sun san junansu sarai. Kar ki fara da zagi a waya, kar ki fara da 'yan sanda, in kika fara da nan kowa zai ce bai san shi ba. Ita kuma kwastoma ki tambaye ta a hankali wa ta aika, don na sha ganin kaya na ɗakin uwar miji ana can ana neman direba.

Hirar WhatsApp ana karɓarta a matsayin hujja?

Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar abin da ya fito daga waya ko kwamfuta a kotu, da sharuɗɗanta. Amma ke ba kotu za ki ba a kan turmi biyu, gaban shugaban tasha ko mijinta ko yayarki za a zauna, can kuwa hira tana aiki sosai. Ki dai kashe abin nan mai goge saƙo da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90, wasu kwastomomin da shi a kunne suke zuwa. In an yi magana ta kira ki bi da rubutu, kamar yadda muka yi yanzu Hajiya, kin ce in ba wa direba wane.

In kamfani suka tambayi kuɗin kayan, in rage don kar su caje ni da yawa?

Ki rage mana. Ranar da ya ɓata sai su duba abin da kika rubuta da hannunki, a kansa za a yi magana. Wayo ya ci mai shi kenan.

Zan iya sa hoton webil a status don mutane su ga ina ciniki?

Da sunan matar mutane da lambarta da unguwarsu a jiki? Haba dai. Ki rufe su. Lambar webil ɗin ma ki rufe, ita da mai kaya kaɗai ta shafa.

Har yaushe zan ajiye duk wannan tarkacen, wayata ta cika

Har sai ta rubuto da hannunta cewa ta karɓa ta buɗe ta ƙirga. Na gani Allah ya sa albarka ma ya wadatar, shi ma ki yi sikirinshot. Ni bayan haka nakan bar su wata uku, don akwai masu dawowa bayan biki su ce turmi ɗaya babu. Ki buɗe guruf ke kaɗai ki riƙa jefa su ciki da sunan kowa, ki goge bidiyon biki in wuri kike nema.

Ta turo min sikirinshot ɗin tiransifa, mota na shirin tashi, in bayar?

Kin ga kuɗin a akawun ɗinki? Ba saƙon alat ba, ki buɗe ki duba balans. In babu, motar gobe ma tana zuwa garin.