Yadda ake tace hotunan kyamarar IRAC ta Spitzer kafin a yarda da su

Wace kyamara ce wannan?

IRAC ɗaya ce daga cikin na'urori uku da ke jikin Spitzer, madubin hangen nesa da hukumar NASA ta Amurka ta harba a watan Agusta na 2003. Ta riƙa kama hasken infared, wato hasken zafi da ido ba ya gani, a zango huɗu na tsawon igiyar haske: maikiron 3.6, 4.5, 5.8 da 8 (maikiron kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita). Kowane faranti nata, wato ɓangaren da ke karɓar hasken, yana da ƙananan ɗigon hoto 256 tsaye, 256 kwance. Da ruwan hiliyom mai sanyaya ta ya ƙare a Mayun 2009, zango biyun farko kaɗai suka ci gaba da aiki, har aka rufe Spitzer a Janairun 2020.

To me ya hana a yi amfani da hoton yadda ya sauko?

Ɗanyen hoto cike yake da abin da ba daga sama ya fito ba. Ko babu haske ko kaɗan, farantin yana ba da wata lamba tasa ta kansa. Kamar mai awo ne a kasuwa, sai ya san nauyin kwanon kafin ya faɗi nauyin geron da ke ciki. Shi ya sa ake fara cire wannan lambar ta duhu. A nan IRAC ta samu tangarɗa: tana da murfin da za a iya rufewa a auna wannan duhun, amma ba a yi amfani da shi a sararin samaniya ba, don gudun kada ya maƙale a rufe. Sai aka riƙa juya madubin zuwa wani yanki na sama mai ƙarancin haske, a ɗauki duhun daga can.

Bayan haka kuma ɗigon ba ƙarfinsu ɗaya ba, wani ya fi maƙwabcinsa jin haske. Ana gane hakan ta kallon wuri mai shimfiɗaɗɗen haske, wanda ƙurar da ke tsakanin duniyoyin rana ke fitarwa, sannan a raba kowane ɗigo da nasa ƙarfin. Daga ƙarshe a gwada da taurarin da aka riga aka san haskensu, domin lambobin su koma ma'auni na gaskiya.

Me ya sa ake ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa?

Saboda hayaniyar da ke cikin hoto, wato ƙananan kurakuran da ke shiga lambobin barkatai, tana sauyawa kowane lokaci, tauraro kuwa yana nan inda yake. In aka haɗa hotuna 4 aka ɗauki matsakaicinsu, hayaniyar ta ragu da rabi. In ana son ta ragu sau 10, sai hotuna 100. Kuma an riƙa ɗan gusar da madubin tsakanin hoto da hoto, don kada tauraro ya riƙa faɗawa kan lalataccen ɗigo guda.

Akwai kuma ƙwayoyin kozmik, wato ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu a sararin samaniya, masu bugun farantin su bar fari fat a ɗigo biyu ko uku. Ka jera hotuna biyar: tabon ya fito a na uku, babu shi a sauran. Wannan ba tauraro ba ne, sai a jefar da shi kafin a yi lissafi.

Ke nan yawan hotuna yana maganin kowane kuskure?

A'a, kuma a ganina nan ne mai koyo ya fi faɗawa rami. Matsakaici yana rage kuskuren da ke zuwa barkatai ne kawai. Kuskuren da ke maimaita kansa, ko ka haɗa hoto dubu, yana nan daram. A zangon 3.6 da 4.5, tsakiyar ɗigo ya fi gefensa jin haske, don haka ɗan rawar da madubin ke yi kan sa tauraro ya zama kamar yana dusashewa yana dawowa. Masu nazarin wani tauraro mai suna TRAPPIST-1 sun kalle shi da Spitzer kusan awa 500 a 2016, suna neman raguwar hasken da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba idan wata duniya ta gifta gabansa. Sai da suka bi matsayin tauraron a kan ɗigo, hoto bayan hoto, suka cire tasirin rawar, kafin a sanar da duniyoyi bakwai masu kewaya shi a Fabrairun 2017.