Ƙin bayar da lasisin auren jinsi saboda addini

Ƙin bayar da lasisin auren jinsi saboda addini shi ne ma'aikacin gwamnati da doka ta ɗora wa aikin rajistar aure ya ƙi yi wa masu jinsi ɗaya wannan aiki, bisa hujjar cewa imaninsa ya hana shi. Rikicin yana tasowa ne kawai a ƙasashen da doka ta amince da irin wannan aure ko makamancinsa. A Najeriya, inda dokar da aka sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta haramta shi, babu jami'in da ake neman ya bayar da takardar. Shari'ar da ta fi shahara a wannan fage ita ce ta Kim Davis, magatakardar gundumar Rowan a jihar Kentucky ta Amurka, a shekarar 2015.

Yadda lasisin yake aiki

Wanda ya saba da ɗaurin aure na waliyyai da shaidu da sadaki zai so ƙarin bayani a nan. A Kentucky aure ba ya zama na doka sai da takardar izini daga ofishin magatakardan gunduma. Masu neman auren su biyu suna zuwa da kansu da katin shaida, a duba shekarunsu, a tabbatar babu wani aure a kansu, su biya kuɗi, a ba su takardar. Tana aiki kwana 30. Fada, limami ko alƙali ya ɗaura auren gaban shaidu biyu, sannan a mayar da takardar ofis a shigar da ita rajista. Magatakarda ba ya ɗaura aure. Amma a fom ɗin da ake amfani da shi a 2015, kowane lasisi yana ɗauke da sunan magatakarda, ko da mataimakinsa ne ya cike shi. Wannan suna shi ne ƙashin bayan rikicin.

Shari'ar gundumar Rowan

Ranar 26 ga Yunin 2015 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke hukunci a shari'ar Obergefell cewa gyara na 14 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa jihohi bayar da lasisin aure ga masu jinsi ɗaya. Davis, wadda aka zaɓa a ƙarshen 2014 bayan ta daɗe tana mataimakiya a wannan ofis ƙarƙashin mahaifiyarta, mabiyar wata ɗariƙar Kirista ce ta Apostolic. Sai ta dakatar da bayar da lasisi ga kowa, har da namiji da mace, don kada a ce ta nuna bambanci. Dabarar ba ta yi mata amfani ba. Ma'aurata huɗu suka kai ta ƙara, biyu masu jinsi ɗaya, biyu namiji da mace, ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta tsaya musu.

Ranar 12 ga Agusta alƙalin kotun tarayya David Bunning ya umarce ta da ta koma bayar da lasisi. Kotun Ƙoli ta ƙi dakatar da umarnin ranar 31 ga wata. Da ta ci gaba da ƙi, ranar 3 ga Satumba Bunning ya tura ta gidan yari bisa laifin raina kotu. Ya zaɓi ɗauri a kan tara ne domin ya ga magoya bayanta za su iya biya mata kuɗin. Mataimakanta 5 daga cikin 6 suka yarda su riƙa bayar da takardun, aka sake ta ranar 8 ga Satumba da sharaɗin kada ta sa musu baki. Da ta koma aiki ta cire sunanta daga fom ɗin, abin da ya jawo tambaya kan ingancin takardun.

Gwamna ba shi da ikon korarta, domin zaɓaɓɓiya ce. Sai dai in majalisar jiha ce ta tsige ta. Wannan ne ya sa al'amarin ya ja tsawo.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Davis ta ce sunanta a kan takardar daidai yake da amincewarta da auren, kuma tilasta mata ya saɓa wa 'yancin addini na gyara na 1 da dokar Kentucky ta 2013 mai kare wannan 'yanci. Kotu ta amsa cewa lasisin ba maganar Davis ba ce, maganar gwamnati ce. Abin da sunan yake tabbatarwa shi ne masu neman sun cika sharuɗɗan doka. Tana da 'yancin yin imani da wa'azi a kan abin da ta ga dama, amma idan ta zauna kan kujerar ofis, hukuma ce. An kuma yi watsi da hujjar cewa ma'auratan za su iya zuwa wata daga cikin gundumomi 120 na jihar, domin in kowane magatakarda ya yi haka babu inda za su je. Dokar tarayya ta kare haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa, ba ta shafi zaɓaɓɓun jami'ai ba.

Abin da ya kashe wutar a aikace ƙaramin gyara ne. A Disamban 2015 sabon gwamna Matt Bevin ya ba da umarnin cire sunayen magatakarda daga fom, a 2016 majalisa ta mayar da hakan doka. Da an yi wannan tun a watan Yuli, da wuya a kai ga ɗauri. Davis ta faɗi zaɓe a 2018. A 2023 aka yanke mata biyan diyyar dala 100,000 ga wasu maza biyu da ta hana lasisi, aka ƙara kimanin dala 260,000 na kuɗin lauyoyi. A Nuwamban 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararta.

Wasu wurare

Jihar North Carolina ta yi doka a 2015 da ta ba majistare, wato ƙaramin alƙali mai ɗaura aure, damar janyewa, da sharaɗin ya janye daga ɗaura kowane irin aure na aƙalla wata shida, kuma dole gunduma ta samar da wani. Alabama ta soke lasisin aure ɗungurungum a 2019: ma'aurata suna cike takardar rantsuwa, ofis ya shigar da ita kawai. A Ingila, Lillian Ladele, ma'aikaciyar rajista a Islington da ke Landan, ta rasa aikinta bayan ta ƙi yi wa masu jinsi ɗaya rajistar zaman tare, kuma a Janairun 2013 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ƙi goyon bayanta. Afirka ta Kudu ta bar wa jami'an gwamnati ƙofar janyewa a dokar 2006, sannan ta rufe ta a 2020, bayan koke-koke cewa a ofisoshi da yawa na ma'aikatar cikin gida ba a samun ko mutum ɗaya da zai yi aikin.