Yauƙin bangon tafkin kifi ba ƙazanta ba ne

Satin da ya wuce na leƙa wani lambu a bakin kogin Isa, nan Yamai, wurin wani dattijo mai kiwon tarwaɗa a tafkin siminti. Na tarar ya kwashe kifin a baho, ya zubar da ruwan kaf, yana dirzar bango da jabel, wato ruwan bilic. Na ce, "Baba, me ya yi zafi haka?" Ya ce, "Ɗana, kullum sai na tsinci mushe, na ce ko dauɗa ce." Raina ya sosu, domin mutumin nan ba sakaci ya yi ba, tsabta ya nufa, amma abin da ke tsare masa kifi shi yake kashewa.

Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya ta matsatsa, wato inda yake numfashi, da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Masu kwashe wannan guba wasu ƙwayoyin halitta ne, wato bakteriya, da ido ba ya gani, suna maƙale a cikin yauƙin bango da na matatar ruwa. Wani jinsi yana mayar da amoniya wata guba mai suna nitirit, wani kuma ya mayar da nitirit nitirat, wadda cutarwarta ba ta kai ta farkon ba. Kafin su yi yawan da zai riƙe tafki, sai an yi sati 4 zuwa 6. Jabel kuwa cikin wuni ɗaya yake shafe su, kalorin na ruwan pampo ma haka.

Masu kiwon kifin teku da murjani cikin akwatin gilashi a Turai da Amurka sun daɗe da gane wannan. Wasunsu har teku suke zuwa ɗibar ruwa, ba don gishirin kaɗai ba, wanda yake kusan giram 35 a lita, gishiri ai ana haɗa shi a gida. Rayuwar da ke cikin ruwan suke so: a mililita guda, ɗigo kaɗan ke nan, ana samun bakteriya kimanin miliyan 1, kuma mafi yawansu ba sa cutarwa. Mu teku ta yi mana nisa, amma karfasa da tarwaɗarmu, ko a Yamai ko a Tabalak, bukatarsu ɗaya ce da ta wancan kifin.

Ku duba santsin jikin tarwaɗa. Wannan yauƙi rigar kariya ce, akwai sinadaran da ke kashe ƙwayar cuta a cikinsa, akwai kuma ƙwayoyi na gari da suka cika wurin har mugu ya rasa masauki. In aka kama kifi da busasshen hannu, ko aka jefa shi a ƙasa, ko amoniya ta ƙona masa fata, rigar ta yage. Nan ne bakteriyar Aeromonas, wadda dama tana cikin ruwan tana jira, ke samun ƙofa, sai a ga jan gyambo a jiki da kumburin ciki.

Kada wani ya ce to ruwan kogi shi ne magani. Yakan zo da ƙwarin farin ɗigo, wanda ke bin jikin kifi kamar an barbaɗa gishiri. A tace shi da ƙyalle, a bar shi ya kwanta. Sabbin ƴaƴan kifi kuma a ware su sati 2 ko fiye kafin a haɗa.

Wajen canjin ruwa, a rage kashi ɗaya cikin uku ya isa, sai in ruwan ya ɓaci ƙwarai. Na pampo a tara shi a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu. Matatar ruwa kuwa, da ruwan tafkin za a ɗauraye ta. Ina roƙonku don Allah, ku daina zazzage kafso na mutane cikin tafki ba tare da shawarar ma'aikacin dabbobi ba. Yana kashe ƙwayoyi na gari, mugayen da suka tsira kuma su daina jin magani.

A Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, iskar cikin ruwa tana raguwa, amoniya tana ƙara dafi. A rage abinci, a bayar da safe da la'asar sakaliya, a yi wa tafkin rumfa. Da Baba muka rabu a kan cewa ranar Asabar zan dawo da abin awon amoniya, mu duba ruwan tare kafin ya ƙara ko kifi ɗaya.