Wanke suna da wasanni ba a Qatar ya faro ba

A teburin mai shayi, da an taɓo zancen wanke suna da wasanni, wato gwamnati ta yi amfani da wasanni don rufe munanan ayyukanta, sai ka ji an ce ai Larabawa ne suka ƙirƙiro shi: Qatar da gasar cin kofin duniya ta 2022, Saudiyya da sayen Newcastle a 2021. Ba haka ba ne. Dabarar ta girmi arzikin man fetur ɗinsu.

A 1936 Hitler ya karɓi baƙuncin wasannin Olimfik a Berlin, aka ciccire allunan ƙyamar Yahudawa daga tituna kafin baƙi su iso. Mobutu, shugaban Zaire (Kongo ta yanzu), kuwa damben Muhammad Ali da George Foreman ya kawo Kinshasa a 1974.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ajantina a 1978, lokacin da ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya. Sojojin Janar Videla ke mulki, mutane na ɓacewa ba labari. Barikin ESMA, inda ake azabtar da waɗanda aka kama, yana kusa da filin Monumental a Buenos Aires, har fursunoni suna jiyo sowar 'yan kallo. A filin nan Ajantina ta doke Holan 3-1 a wasan ƙarshe, kuma Videla da hannunsa ya miƙa kofin.